Kifi Ba Gishiri

Tun da Meram ta fito daga lakwal, makarantar da take koyarwa, take share hawaye da gefen mayafi, har ta iso rumfar da Ajimi ke gyaran injinan ban ruwa a hanyar kasuwar tattasai. Malama ce mai shekara ashirin da shida, wadda yara sittin ke yin tsit idan ta ɗaga gira, amma yau ko sallama ta kasa yi da cikakkiyar murya.

Ajimi ya ɗago daga kan injin da ya kwance, ya ga idonta, ya ajiye sufana. Bai tambaye ta abin da ya kawo ta ba. Duk Diffa an san abin da ke tafe ranar Lahadi.

Shekara biyu ke nan yana neman aurenta. Mahaifinta, Ba Grema, shugaban ƙungiyar manoman tattasai na yankin Geskeru, bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba. Kullum faɗi yake shi ba ya yi wa ɗiyarsa dole. Gaskiya ne, amma ya san sarai Meram ba za ta taka ƙofar ɗakin da babu albarkarsa ba ko da za ta tsufa a gida.

Laifin Ajimi ɗaya ne. A Damasak ya tashi, tashin hankali ya koro su, ya yi shekara uku a sansanin 'yan gudun hijira na Yebi yana bin layin rabon abinci kafin ya shigo gari ya kama sana'a. Gwaggo Kubra, yayar Ba Grema wadda ta riƙe Meram tun rasuwar mahaifiyarta, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan rabo take ce masa. Nata ɗan takarar shi ne Al-Amin, mai motoci uku da ke kai tattasai Damagaram, wanda turarensa ke riga shi shiga zaure.

Ana cikin haka aka fara kofin duniya. Ba Grema mutum ne mai son balo, wato ƙwallon ƙafa, kamar ransa. Yana da babbar tele da injin wuta, don haka duk ranar babban wasa mazan unguwa a rumfar ƙofar gidansa suke taruwa. A nan ne Tsoho, abokin wasansa tun na ƙuruciya, ya jefa magana cikin raha: tunda masu neman Meram biyu ne, kowa ya ciyar da 'yan kallo rana guda, a ga wanda hannunsa ya fi buɗewa. Aka yi dariya. Da wasa ake faɗa wa wawa magana, in ji masu iya magana, kuma kafin a watse kowa ya san ba wasa ba ne.

Al-Amin ya yi nasa ranar Talata. Rago biyu aka yi balangunsu, kitse na ɗiga, ga soyayyun kaji, ga cincin, ga lemu mai sanyi katan a kan katan. A wannan rumfa kuwa akwai ƙa'ida: ba mai sa hannu a tire sai maigida ya fara, kuma maigida ba ya janye hannu baƙi suna ci. Ba Grema ya ci, ya sha kwalba uku, ana ta yaba masa surukin da bai riga ya zaɓa ba.

Washegari da hantsi Meram ta tarar da shi zaune a bakin gado yana lalube, ƙofar ɗakin ma ba ya ganinta sosai, harshensa ya yi nauyi. Ita kaɗai ta san dalili.

Wata biyar da suka wuce ita ta raka shi likita, wato asibiti, a Damagaram. Lokotoron da ya duba shi ya ce ciwon sukari ne da hawan jini, kuma duk sun yi nisa. Ya hana shi gishiri da magi da kitse da lemu, ya ce in ya yi wasa wata rana sai dai a ɗauke shi. Kafin su hau motar dawowa Ba Grema ya sa ta dafa Alƙur'ani cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, ko da Gwaggo Kubra ce. Zaɓen ƙungiya na zuwa bayan girbi, manoma kuma ba sa miƙa ragamarsu ga majinyaci. Ambaliya ta ci rabin gonarsa, rashin tsaro ya raba shi da sauran, kujerar shugabancin nan ce kaɗai ta rage masa a cikin mutane. Ƙwayoyin maganinsa ma a cikin naɗin hularsa yake ɓoye su, tare da takardar likita.

Wannan ne nauyin da Meram ta shigo da shi rumfar Ajimi. Lahadi wasan ƙarshe ne, kuma ranarsa ce. Addu'a biyu take yi a zuciya ɗaya, kowace na karya 'yar'uwarta: Allah ya sa Ajimi ya kawo abin da zai rufe bakin Al-Amin, Allah kuma ya sa kada Baba ya ƙara cin irinsa.

Da ƙyar ta tambaye shi abin da ya shirya.

Ya goge hannu da tsumma ya lissafa mata. Kifi karfasa daga kogin Komadugu, a gasa ta da tattasai da albasa da lemun tsami. Kwaɗon zogale. Yalo da gurji da tumatir. Dafaffiyar gyaɗa don masu son abin taunawa in wasa ya yi zafi. Zoɓo da citta, ba sukari. Kuma duk cikinsu ba gishiri, ba magi.

Meram ta zauna a kan wani tsohon bokiti ta rufe fuska.

"Ajimi, kashe mu za ka yi. Za su ce abincin Yebi ka kawo musu. Gwaggo jira take, Tsoho kuma bakinsa ya fi reza. Shekara biyu muna jiran rana ɗaya, sai ka zo da ganye?"

"To in kawo rago?" ya tambaye ta a hankali. "Ina da halin guda. Ki ce in kawo, gobe in saya."

Ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce, kuma ita ce za ta ba ta mijin da take so. Sai fuskar mahaifinta ta ranar Laraba ta faɗo mata, yana lalube yana kiran sunanta a hankali don kada Gwaggo ta ji. Kalmar ta ƙi fita. Kuka ya fito a madadinta, irin wanda ba a iya tarewa da mayafi.

Ajimi ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ba ta labarin da bai taɓa ba ta ba. Mahaifinsa, Malam Fannami, a Yebi ya rasu. Kafin ya kwanta, haka yake shanye buta guda ya nemi ƙari, haka yake tashi zagayawa sau huɗu a zama ɗaya, kuma duk inda ya tsuguna sai tururuwa ta taru. Ba su san ciwo ba ne sai da ƙafa ta ruɓe. Ajimi ya ce wasa shida ya kalla a ƙofar gidan su Meram, kuma ba tele kaɗai yake kallo ba.

"Ban tambaye ki komi ba, Meram," ya ce. "Kada ki amsa mini komi."

Ta ce ko zai yi wa mutum ɗaya nasa daban, sauran ya ba su nama. Ya girgiza kai. A rumfar da ake ci a tire ɗaya, duk wanda aka ware wa kwano an tona shi. In ba gishiri, to kowa ya rasa.

Ta dawo gida tana jin son Ajimi ya ninku a ranta, tana kuma jin kamar ta yi masa sallamar ƙarshe.

Ranar Lahadi ana idar da sallar la'asar rumfar ta cika. Manoma da dillalai sun kai talatin, wasu a tabarma, wasu a benci. Ba Grema na kan kujerarsa ta gaba, hularsa zaune daram. Meram da Gwaggo Kubra suna cikin zaure a bayan labule, inda suke ganin komi ba a ganinsu.

Ajimi ya iso da tire huɗu a bayan a-daidaita, ya sauke su da kansa. Maganar gaskiya, abincin ya yi kyau a ido. Kifin ya gasu ya yi ja da tattasai, zogalen kore shar, zoɓon na raɓa a jikin jarka. Amma mutanen da suka ci rago biyu ranar Talata ba kyau suka zo gani ba. Wani ya leƙa ƙarƙashin tire ko naman na can. Wani ya tambaya ko awaki aka gayyato kallo.

Ba Grema ya yi bisimilla ya gutsuri kifi. Ya tauna, ya tsaya. Ya kurɓi zoɓon, ya sake tsayawa. Sannan ya juyo a hankali ya dubi labulen zaure. Ya gane, kuma ya ɗauka ita ce ta faɗa.

Sauran suka sa hannu. Nan fa aka shiga yamutsa fuska. Tsoho ya furzar da zoɓon a gefe ya ce ko maganin shawara ya fi wannan daɗi. Gwaggo Kubra ta dafa kafaɗar Meram ta ce mata cikin raɗa, ai dama ta faɗa, wanda ya saba da awon gwangwani ba ya sanin girman baƙo.

Al-Amin waya kawai ya ciro ya danna. Ana zuwa hutun rabin lokaci sai ga motarsa ta tsaya, aka sauke balangu mai zafi a takarda da katan biyu na lemu. Ya ce shi ba don gasa ya yi ba, don dai kada dattawa su kalli wasan ƙarshe da yunwa. Aka ajiye naman a gaban Ba Grema, kusa da tiren kifi. Ƙamshin ya cika rumfar, kowa ya zuba wa hannun maigida ido.

Meram ta damƙe labulen. In ya sa hannu a naman, ta rasa Ajimi, wataƙila kuma ta rasa uba kafin Laraba. In ya ƙi, sai an tambayi dalili.

Tsoho ne ya riga kowa. Ba mugu ba ne, amma shi ma yana son kujerar ƙungiya, kuma hancinsa na jin ƙamshin magana tun daga nesa. Ya dubi kifin, ya dubi zoɓon, ya dubi Ajimi.

"Samari, rowa daban, wannan daban. Mai rowa yakan rage nama, amma ba ya rage gishiri, gishiri ba tsada gare shi ba. Wannan girkin likita ne. Faɗa mana gaskiya, wa ke ciwo a rumfar nan?"

Meram ta ga idon Tsoho ya fara karkata wajen kujerar gaba.

Ajimi ya miƙe tsaye.

"Ni ne, Baba Tsoho. Sukari gare ni da hawan jini, gadon mahaifina ne. An hana ni gishiri da kitse. Na ji kunyar in ware kwanona a gaban manya, shi ya sa na yi mana iri ɗaya. Ku gafarce ni."

Meram ta san ƙarya ya yi. Ajimin da ko ciwon kai bai cika yi ba, wanda ke ɗaga injin ban ruwa shi kaɗai ya ɗora a amalanke. Ya san abin da ya yi kuwa. A wannan yanki ana iya ba talaka mata, ana iya ba baƙo, amma ba mai ɗaukar ɗiyarsa ya ba saurayin da ya faɗa da bakinsa cewa ciwon da ya kashe ubansa na jikinsa.

Aka shiga yi masa sannu, irin sannun da ake yi wa wanda aka riga aka cire daga lissafi. Al-Amin ma ya tausaya, ya ce duk lokacin da zai je likita a Damagaram ya yi magana a ba shi wuri a mota. Gwaggo Kubra ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta ce Allah ya tona shi tun kafin a kai ɗiyarta jinya da sunan aure.

Ba Grema ya tura naman gaban jama'a ya ce su ci, ya yafe musu ƙa'ida yau. Shi kuwa, in ji shi, ba zai bar baƙonsa ya ci shi kaɗai ba. Ya jawo tiren kifi tsakaninsa da Ajimi. Mutane suka yaba da karamcinsa, har Tsoho ya ce Grema dattijo ne.

Haka aka koma wasa. Ana ta ihu ana ta tsalle, masu cin nama na lasar yatsu, Ba Grema na cin kifinsa da zogale lafiya lau a bayan ƙaryar da ta rufe shi. Meram ba ta ga ƙwallo ko ɗaya ba. Bayan Ajimi kawai take kallo, yadda ya zauna a miƙe bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Wasa ya ƙi ƙarewa, aka ƙara lokaci, magariba ta kawo kai. Maza suka tashi alwala. Gwaggo Kubra ta shige ciki tana cewa gobe za ta aika gidan su Al-Amin, su turo manyansu ranar Juma'a. Ba Grema ya shigo zaure neman buta, ya tarar da ɗiyarsa durƙushe a hanyarsa.

"Kin dafa Alƙur'ani," ya ce da ƙaramar murya.

"Ban faɗa ba, Baba. Wallahi ban faɗa ba. Shi ya gani da idonsa, ciwon ne ya kashe mahaifinsa a Yebi. Ko ni bai bari na buɗe baki ba."

Ta ci gaba da magana.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba, kai ma ka sani. Ya san in ya faɗi haka ya rasa ni, ya kuma faɗa. Ni bakina a ɗaure yake, ba zan karya rantsuwa ba ko da Juma'ar ce za ta zo ta same ni. Amma ka kwance ni. Don Allah ka kwance ni in fita in gaya musu."

"Ki bari zaɓe ya wuce," ya ce. "Wata biyu ne kawai."

"Juma'a kwana biyar ce, Baba."

Ta kama gefen rigarsa tana kuka. Ta ce ita ba ta taɓa roƙonsa komi ba tun da aka binne mahaifiyarta. Ta ce ranar Laraba ita ta riƙe hannunsa ta kai shi ƙofa, kuma in aka ba ta Al-Amin za ta zauna, ba za ta kunyata shi ba, amma duk ranar wasa rago za a kawo masa, shi kuma ba zai iya ƙi ba, har ranar da za a ɗauke shi daga kujerar nan. Ta tambaye shi wa zai ƙara gasa masa kifi ba gishiri ya kuma ɗauki kunyar a kansa.

Ba Grema ya zare rigarsa daga hannunta a hankali. Ya ɗauki buta ya fita.

Ta zauna a ƙasan zauren ta jingina da bango. Tana ji aka yi salla, aka koma gaban tele, aka shiga bugun fenariti. Rumfar ta ɗauki ihu, ta yi shiru, ta sake ɗauka. Aka gama. Wasu na murna, wasu na zagin mai tsaron gida. Duk bai dame ta ba, nata wasan an riga an tashi.

Ƙarar tire ce ta sa ta leƙa. Ajimi ne ke harhaɗa kayansa. Uku daga cikin tiren ko rabi ba a ci ba. Ya ɗora su a kan juna, ya durƙusa ya yi wa Ba Grema sallama kamar yadda ya saba, ya juya. Bai dubi labulen ba, kuma ta san don kada ya ga idonta ne.

Ya kai bakin rumfa ke nan tele ta mutu. Ba Grema ne ya kashe ta.

"Ajimi, ajiye tiren nan. Jama'a, kowa ya koma ya zauna."

Waɗanda suka fara saka takalmi suka dawo. Ba Grema ya miƙe tsaye a gaban mutanen da ya shugabanta shekara goma sha takwas. Ya kai hannu kansa. A Diffa dattijo ba ya tuɓe hula a bainar jama'a, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa ganin tsakiyar kan Grema. Ya tuɓe ta, ya juya ta a kan tiren kifi, ya buɗe naɗin. Ƙwayoyi farare da jajaye suka zubo suna gangarawa tsakanin ƙayoyin karfasa, takarda mai ninki huɗu ta biyo bayansu.

Meram ta toshe bakinta da hannu biyu.

Ba Grema ya ɗauki takardar, ya miƙa wa abokin wasansa.

"Tsoho, kai ka yi lakwal, kai kuma ka yi tambaya. Karanta musu sunan da ke jikin takardar nan, ka ɗaga murya yadda na cikin zaure ma za su ji."